Kemo da jijiyoyi: amsoshin likita ga masu karatu

Wata baiwar Allah daga Agege: Likita, ana yi wa mahaifiyata kemo saboda ciwon dajin nono. Tafin ƙafarta ya sage, yatsunta suna zugi kamar ana tsira mata allura. Ciwon ne ya bazu?

Allah Ya ba Mama lafiya. Galibi maganin ne. Paclitaxel, wanda ake yawan bayarwa a dajin nono, yana daskarar da wasu siraran zaruruwa a cikin ƙwayar halitta don ta kasa rabuwa. Ƙwayar jijiya ba ta rabuwa, amma a kan zaruruwan nan take jigilar abin da ke ciyar da ita, daga tushenta kusa da ƙashin baya har zuwa yatsa. Jijiyar ƙafa ta fi tsawo, shi ya sa take fara jigata. Ku gaya wa likitanta kafin zama na gaba. Na san mutane kan ɓoye don tsoron a tsayar da magani, kuma wannan yana damuna, domin sau da yawa rage adadin kawai ake yi. Idan ciwon baya mai tsanani ya taso, ko ƙafafu suka yi rauni, ko fitsari ya fara kufcewa, a kai ta asibiti a ranar.

Wani ɗan kasuwa daga Mile 12: Tun da aka fara mini kemo da maganin oxaliplatin a asibitin koyarwa na LUTH da ke Legas, in na sha fiya wata mai sanyi sai maƙogwarona ya shaƙe.

Alhaji, sanannen halin maganin ne, yakan lafa cikin 'yan kwanaki bayan kowane zama. Ka bar ruwan sanyi da taɓa ƙanƙara a kwanakin. In numfashi ya yi wuya ko ba sanyi, garzaya asibiti.

Wani magidanci daga Idi-Araba: An ce kemo yana taɓa ƙwayoyin gado. Zan gadar wa 'ya'yana?

Magungunan kemo irin su cisplatin da oxaliplatin suna manne wa DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, sai ƙwayar jijiya ta kasa karanta umarnin da ke ciki yadda ya kamata. Wasu ƙwayoyin gado sukan yi shiru, na kumburi da jin zafi kuma su ƙara aiki. Abin yana tsananta a ƙulluman jijiyoyin ji da ke gefen laka, domin ba su da shingen da ke kare ƙwaƙwalwa daga magani. Wannan canjin a jijiya yake tsayawa, ba a gadonsa. Maniyyi kuwa batunsa daban, domin kemo na iya taɓa shi: ku jinkirta ɗaukar ciki lokacin kemo da watannin da likita zai ƙayyade.

Kun kuma tambayi ko ana warkewa. Wani babban bincike na 2014 ya gano kusan kashi 68 cikin 100 na waɗanda aka yi wa kemo suna da alamun lalacewar jijiya a watan farko bayan an gama, amma bayan wata 6 sun ragu zuwa kashi 30. Waɗanda ake ba cisplatin ko oxaliplatin kan ji abin ya ƙaru na 'yan watanni bayan an gama. Wani magani mai suna duloxetine yana rage zugin, da izinin likita. Mai ciwon suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kullum, kuma a gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu.