Ku Tambaya, Mu Amsa: Hutun Bazara da Maiɗaki a Kudancin Turai

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo yawancinsu na ma'aurata ne masu shirin zagaya biranen kudancin Turai tsakanin Yuni da Agusta, wato lokacin da mu muke cikin damina, mutanen can kuwa suna tsakiyar bazararsu. Mun zaɓi biyar.

Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna da hutun kwana 12 a watan Agusta. Muna so mu ga Lisbon, Madrid, Barselona, Nis, Benis, Rum da Atina. Ta ina ya kamata mu fara? Daga wani magidanci, Kano.

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin maganar inda za a fara, sai an rage biranen. Ranar sauka da ranar tashi ba sa cikin lissafi, saura kwana 10 ke nan. Duk sauya gari yana cin rabin yini ko fiye: otal zai ce ku bar ɗaki ƙarfe 11 na safe, wanda za ku je kuma ba zai ba ku makulli ba sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana, ga jan akwati zuwa tasha, ga neman hanya a garin da ba ku san harshensa ba. Birni bakwai sauyi shida ne, wato aƙalla kwana uku cur a hanya. Abin da zai rage muku a kowane gari yini ɗaya ne, kuma da gajiyar jiya za ku shige shi.

Taswira ma tana yaudara. Lisbon da Madrid kamar maƙwabta suke, amma tun 2020 da aka dakatar da jirgin ƙasan dare babu wanda ke zuwa kai tsaye. Ko dai bas na awa takwas zuwa tara, ko jirgin sama. Atina kuwa sai an tashi sama, kusan awa biyu daga Rum.

Ga abin da za mu ba ku shawara: masauki uku kawai. Madrid dare 3, Garnaɗa (Granada, a kudancin Sifaniya) dare 3, Rum dare 5. Daga Madrid ku yi yini guda a Toledo, tafiyar wajen rabin awa ce a jirgin ƙasa daga tashar Atocha. Ranar zuwa Garnaɗa ku yi sammako ku tsaya Ƙurɗuba (Córdoba), garin Imam Ƙurɗubi da Ibn Rushd, ƙasa da awa biyu daga Madrid, da yamma ku ƙarasa. Daga Garnaɗa bas zai kai ku Malaga cikin kimanin awa biyu, daga nan jirgin sama zuwa Rum. A Rum ku bar akwatuna a ɗaki: Fulorans awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa mai sauri na Frecciarossa ko Italo, Napoli kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci. Kun ga gari bakwai ke nan, ko da yake ba duka waɗanda kuka lissafa ba, amma sau biyu kawai kuka ɗaure kaya.

Tikitin jirgi daga gida ku yanka wanda zai shiga ta Madrid ya fita ta Rum, a takarda ɗaya. Komawa Madrid don kawai a hau jirgin dawowa asarar yini ce da kuɗi. Wajen kama ɗaki, ku nemi cama de matrimonio a Sifaniya, camera matrimoniale a Italiya, in ba haka ba kuna iya tarar da ƙananan gadaje biyu.

Maigidana ne zai ɗauki nauyin tafiyar, ni ba na aikin albashi. An ce mana akwai ofishin jakadancin da ya fi sauƙin ba da biza, wai mu nema a can ko da ba can za mu ba. Haka ne? Daga wata mai karatu, Kaduna.

Hajiya, ku rabu da wannan shawara. Bizar Shengen guda tana shigar da ku Sifaniya, Italiya, Fotugal, Girka, Faransa, Malta da Kuroshiya, amma ƙa'ida ita ce a nema a ƙasar da za a fi daɗewa. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ƙasar da za a fara shiga. A tsarin da muka zayyana a sama, Sifaniya dare 6 Italiya dare 5, don haka Sifaniya za a nufa. Wanda ya karɓi bizar wata ƙasa da takardun otal na ƙarya, jami'in kan iyaka yana da ikon tambayarsa masauki da tikitin komawa, kuma yana iya soke bizar a nan take. Ana adana wannan a rumbun bayanan da duk ƙasashen ke dubawa, ya bi mutum a nema na gaba.

Kowannenku zai cike takardarsa, ya je da kansa a ɗauki zanen yatsu, wanda ke aiki tsawon wata 59. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, irin su VFS Global, TLScontact ko BLS International. Shafin ofishin jakadancin zai nuna wanda yake aiki da shi. Ba a mayar da kuɗin idan an hana. Fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar fitowarku. Inshorar lafiya ta kai Yuro 30,000, ta shafi duk yankin da duk kwanakin.

Rashin albashi ba ya hana ki biza. Abin da zai tsaya miki shi ne takardar shaidar aure, da wasiƙar maigida cewa shi ya ɗauki nauyi, da bayanan asusunsa na watannin baya, da shaidar aikinsa ko rajistar kasuwancinsa. Idan kina da sana'a, ko da ta cikin gida ce, ki saka shaidarta da naki asusun, domin abin da suke nema shi ne dalilin da zai dawo da ku gida. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne aro kuɗi mai yawa a zuba a asusu mako guda kafin nema. Jami'in yana duba yadda kuɗi ke shiga da fita ne, kuma tarin da ya faɗo dare ɗaya ba tare da bayani ba zargi yake jawowa. Sifaniya tana da adadi a rubuce: a 2025 Yuro 118.40 ne ga kowane mutum a kowace rana, kuma yana canzawa duk shekara. Ku duba kuma rubutun sunaye, ya zama iri ɗaya a fasfo da takardar aure da tikiti.

Ana iya nema tun saura wata shida. Hukunci kan ɗauki kwana 15, yana iya kaiwa 45, amma samun ranar ganawa ce ke wahala a wannan lokaci. Mai tafiyar Agusta ya fara tun Maris ko Afrilu. Idan za ku leƙa Maroko ko Istanbul a tsakiya ku dawo, sai biza mai shiga da yawa. Mai shiga ɗaya ta ƙare da zarar kun fita.

Mu mutanen Sakkwato ne, zafi ba baƙonmu ba ne. Me ya sa ake ta tsoratar da mu da Andalus a Agusta? Daga wani mai karatu, Sakkwato.

Gaskiyarka, Malam, digiri 40 ba zai ba ka mamaki ba, kuma Ƙurɗuba da Ishbiliya (Seville), biranen Andalus a kudancin Sifaniya, sukan haura shi a Yuli da Agusta. Bambancin shi ne a gida ba wanda ke taka kilomita 10 a kan duwatsu da tsakar rana, mai yawon buɗe ido kuwa haka yake yi. Ma'aunin zafi mafi girma da aka taɓa tabbatarwa a nahiyar, digiri 48.8, a tsibirin Sisili aka ɗauke shi ranar 11 ga Agusta 2021. A Atina an sha rufe Akropolis, tudun gine-ginen tarihi na birnin, da rana saboda zafi.

Ku yi yadda 'yan gari ke yi: fita ƙarfe 8 na safe, komawa ɗaki daga ƙarfe 2 zuwa 6, sake fita da yamma har dare. Kada ku ɗauka kowane masauki yana da na'urar sanyaya ɗaki, tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita, sai kun ga an rubuta. A Rum famfunan bakin titi da ake kira nasoni ruwan sha ne kyauta, gora kawai za ku riƙe.

Abin da ya fi zafi hana mutane ganin wuri shi ne tikiti. Na fadar Alhamra ta Garnaɗa yakan ƙare makonni kafin rana, da suna ake sayar da shi, kuma da fasfo na ainihi ake shiga. Sashen fadar sarakunan Banu Nasr yana da lokacin da aka buga a tikiti, wanda ya makara ba a barinsa. Ku saya a shafin hukumar wurin da zarar biza ta fito. Haka Kolosiyam da gidan tarihin Batikan a Rum. Gidan zane na Uffizi a Fulorans a rufe yake ranar Litinin. Ranar 15 ga Agusta hutu ce a Italiya da Sifaniya, kuma ƙananan shaguna da yawa a Rum sukan rufe makonni a wannan tsakani. Mai ikon zaɓar lokaci, farkon Yuni ko tsakiyar Satumba ya fi daɗi.

Yaya za mu yi da salla da abinci? Uwargida tana sa hijabi. Daga wani Alhaji, Maraɗi.

Alhaji, hijabi ba matsala ba ne a waɗannan birane, har ma ya cika sharaɗin shiga majami'un tarihi, inda ake so a rufe kafaɗa da gwiwa. Niƙabi ne aka haramta a bainar jama'a a Faransa tun 2011.

A Yuli rana ba ta faɗuwa a Madrid sai wajen 9:45 na dare, a Rum wajen 8:45, alfijir kuma a Rum yakan keto wajen ƙarfe 4 ko kafin haka. Alƙibla ba inda kuka saba take ba: a gida gabas ce ta ɗan karkata arewa, a Madrid ta ɗan karkata kudu, a Rum kudu maso gabas ce sosai. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ba ya ƙasaru, don haka dare 5 a Rum cika salla ne. Ku ƙara tuntuɓar malaminku. Akwai babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995, da Cibiyar Musulunci ta Madrid ta 1992, da masallacin unguwar Albaisin a Garnaɗa na 2003, wanda farfajiyarsa ke fuskantar Alhamra. Tsohon masallacin Ƙurɗuba, wanda Abdurrahman na ɗaya ya fara a ƙarni na 8, majami'a ne tun 1236, kuma masu gadi suna hana salla a ciki. Yana da nauyi a zuciya, amma gara ku sani kafin ku shiga. Ku sa ƙaramar buta a jaka. Banɗakunan tasha ba su da abin tsarki.

Naman alade yana ɓuya inda ba a zato. A Sifaniya ku kiyayi cerdo, jamón, chorizo, tocino da manteca, wadda kitsensa ce. Miyar tumatir mai sanyi ta Ƙurɗuba, salmorejo, da jamón ake barbaɗa ta, sai kun ce sin jamón. A Italiya: maiale, prosciutto, pancetta, strutto, da guanciale da ke cikin taliyar carbonara da amatriciana. Shinkafar risotto galibi da giya ake dafa ta. A Girka gyros na alade ne in ba a ce kaza ba. Kifi, pizza margherita, taliya da tumatir, da wainar ƙwai da dankali ta Sifaniya za su riƙe ku. Naman halal yana unguwar Lavapiés a Madrid, titin Elvira a Garnaɗa, da kewayen Piazza Vittorio kusa da tashar Termini a Rum.

Na ga tikitin jirgin sama tsakanin birane da arha ƙwarai. Akwai wani abu a ƙasa? Kuma nawa za mu riƙe a hannu? Daga wata amarya, Abuja.

Allah ya sanya alheri, amarya. Akwai. Farashin da Ryanair, Vueling ko Wizz Air ke nunawa na mutum ne da 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera. Akwati kuɗinsa daban, zama kusa da angonki ma kuɗi ne, kuma wanda bai tabbatar da tafiyarsa ta intanet ba sai ya zo filin jirgi zai biya tara mai nauyi. Ki duba sunan filin: Girona tana nesa da Barselona kusan kilomita 90, Bergamo kuma kusan 50 daga Milan. Kada ku haɗa irin wannan jirgi da jirgin komawa gida a rana ɗaya, domin tikiti biyu ne daban, idan na farko ya makara ba mai ɗaukar asarar.

A cikin ƙasa ɗaya jirgin ƙasa ya fi, kuma yana arha ga wanda ya saya da wuri. Tikitin takarda na ƙananan jiragen Italiya sai an buga shi a na'urar bakin dandamali kafin hawa, in ba haka ba tara ce, ko da an biya kuɗinsa. Kalmar sciopero a allon tasha yajin aiki take nufi.

Tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 dole a bayyana ta a kwastan. Ba ku buƙatar ko kusa da haka: kati biyu na bankuna daban da kuka tabbatar suna aiki a waje, da 'yan ɗaruruwan Yuro a raba tsakaninku. Idan na'ura ta tambayi kuɗin da za a cire, ku zaɓi Yuro. Masu Sefa lissafinsu a tsaye yake, Yuro ɗaya 655.957. Ku ware harajin kwana da otal ke karɓa daban, da coperto, kuɗin zama a gidajen abincin Italiya.

'Yan sane sun fi yawa a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Barselona, bas mai lamba 64 a Rum, da tashar Termini. Jaka ta kasance a gaba, waya kada ta kwanta a kan tebur, kuma kada fasfo biyu su zauna a jaka ɗaya. Ku ajiye hotonsu da na biza a imel. Idan fasfo ya ɓata, ku fara da ofishin 'yan sanda ku karɓi takardar rahoto, denuncia, sannan ku kai ta ofishin jakadancin Najeriya da ke Rum ko Madrid a ba ku takardar tafiya ta gaggawa. Lambar neman agaji a duk ƙasashen 112 ce.