Amsa ga ƙanina na Jos mai son zuwa karatun garin haske

Assalamu alaikum ƙanina. Na ga saƙonka, na kuma karanta takardar binciken da kake son turo wa malamai a nan Afirka ta Kudu. Ka ce za ka haɗa garin fosfo, wato garin da ke shan wani haske ya fitar da wani, kana ta ƙara masa yuropiyam, wani sinadarin ƙarfe mai tsada da ke ba da jan haske, don haskensa ya yi ta ƙaruwa. Wannan layin ka gyara shi kafin wani farfesa ya gani.

Yuropiyam a jikin garin kamar gishiri ne a miya. Da farko in ka ƙara, jan hasken da yake bayarwa a wajajen nanomita 611 (ma'aunin tsawon zangon haske) yana ƙarfi. Amma akwai iyaka, yawanci 'yan kaso kaɗan cikin ɗari. Da ka wuce ta, ƙwayoyin yuropiyam ɗin sun matsu da juna, sai kowace ta riƙa miƙa wa ta kusa da ita kuzarin da ta sha maimakon ta sake shi ya zama haske. Haka zai yi ta yawo har ya faɗa wani gurbi mai lahani a cikin garin, ya ƙare a zafi. Ka kashe sinadari mai tsada, haske kuma ya ragu. Masanin kimiyya Dexter ya yi bayanin wannan miƙa kuzarin tun 1953.

Launi ma yana sauyawa. Tabiyam, wani sinadarin ɗan'uwan yuropiyam, in ya yi kaɗan a garin za ka ga shuɗi-shuɗi tare da kore. In ya ƙaru shuɗin ya mutu, koren ya rage. Farar fitilar LED ta ɗakinka, shuɗin haske ne ke dukan gari mai siriyam (shi ma ɗan'uwansu ne), garin ya ba da rawaya, su haɗu su zama fari. In aka ƙara siriyam, sai rawayan ya karkata wajen ja.

Saboda haka ka rubuta cewa za ka haɗa samfura da yawa, kowane da nasa adadin, ka nemo inda hasken ya kai ƙololuwa da dalilin faɗuwarsa. Wannan ne bincike.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ka fito. Tarin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a Bukuru da Barkin Ladi akwai monazait a ciki, dutsen da ke ɗauke da siriyam da ɗan'uwansa lantanam. Mu nan tatacce muke saya da tsada, galibi daga Sin, domin wuyar tana wajen raba su. Ka ambaci wannan a takardarka, zai sa a tsaya a karanta. Sai dai kada ka kwaso ƙasar gida, akwai toriyam a cikinta mai fitar da radiyeshon mai cutarwa.

Batun tahowa kuwa, Jami'ar Free State da ke Bloemfontein tana da ƙungiya mai ƙarfi a wannan fannin. Kafin nan ka leƙa jami'ar kimiyya da fasaha ta AUST a Abuja ko cibiyar binciken kimiyya ta Sheda, ka koyi karanta sakamakon XRD, wato gwajin da ke nuna tsarin ƙwayoyin gari. Kuma kada ka biya kuɗin jirgi sai malamin da zai duba aikinka ya amsa a rubuce, tallafin karatu ma ya tabbata. A gaida su Mama.