Tambaya da Amsa: Yaya Ake Tare Salon Princeton?

Tambaya: Malam, ina bin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka da ake yi a watan Maris. Ana cewa haɗuwa da Princeton wahala ce. Me ya sa? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, salon da tsohon kocinsu Pete Carril ya shahara da shi ne ke ba da ciwon kai. 'Yan wasa huɗu suna bajewa a wajen layin maki uku, dogon cikinsu kuma ya tsaya kusa da layin bugun fanareti yana rarraba ƙwallo. Da zarar mai tsaro ya matse ɗan wasan da yake tsarewa don ya kwace ƙwallo, sai wannan ya zille ta bayansa, ya nufi kwando a guje, a miƙa masa ta ƙasa. Da irin wannan zillewar suka fitar da jami'ar UCLA, masu riƙe da kambun gasar a lokacin, da ci 43 da 41 a 1996.

Maganinsu haƙuri ne. Mai tsaro ya ga ɗan wasansa da ƙwallo lokaci guda, kada kwaɗayin kwace ya ruɗe shi. Suna cinye kusan daƙiƙa 30 ɗin da aka ba kowane hari, don haka wanda ya gaji a ta 25 shi ake ci. A kuma hana dogon nan karɓar ƙwallo cikin sauƙi.