Kafin ki sa masu makoki a jirgi

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce bayan zaman rubutun da kika taya ni a Agege da Idi Araba a nan Legas kina jin lokaci ya yi da za ki shirya naki, kuma da babba kike so ki fara: ki kwashi mata goma da aka yi wa rasuwa, ki kai su Maroko ko Zanzibar su yi mako guda suna rubutu. Can ƙasa kuma kika liƙa wata tambaya kamar ba komai ba: idan wata ta fashe da kuka ta kasa dainawa fa? Da ta ƙasan zan fara, don ita ce aikin.

Idan ta yi kuka, ki ƙyale ta. Kada ki zabura ki rungume ta, kada ki hau ba ta haƙuri. Tun ranar jana'iza ake ba ta haƙuri, da sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, duk wanda ya shigo abin da zai faɗa ke nan. Ɗakinki ne kaɗai inda ba a nemi ta yi shiru ba. Ki matsar mata da ruwa, ki koma ki zauna. Sauran matan fuskarki suke kallo, in kin natsu su ma sun natsu. In kukan ya daɗe, mataimakiyarki ta fita da ita ta sha iska, ke ki zauna da sauran. Shi ya sa ba a yin wannan aiki mutum ɗaya.

Za ki haɗu da wadda za ta ce rubuta baƙin ciki rashin tawakkali ne. Kada ki yi musu da ita, kuma kada ki zama malamar wa'azi. Ki tuna mata kawai cewa Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya nuna cewa ido kan yi hawaye, zuciya kan yi baƙin ciki, amma ba a faɗin abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta marsiyya ga 'yan uwanta da mijinta Giɗaɗo. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ba a barin mai ciwo ta wuni tana tona ciwonta. Minti goma sha biyar zuwa ashirin, sai ki ce a ajiye biro. Wannan ma'auni ba ni na ƙirƙira ba. A 1986 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai suna rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti goma sha biyar kullum har kwana huɗu a jere. A watannin da suka biyo baya, zuwansu asibiti ya ragu. Amma ga abin da masu talla ba sa faɗa: da suka ajiye biron, ransu ya fi ɓaci fiye da lokacin da suka ɗauka. Sauƙin daga baya yake zuwa, kuma binciken da aka yi ta yi bayansa ya nuna amfanin matsakaici ne, ba kowa ke samu ba. Don haka rubutu mai nauyi da hantsi ake yi, a bi shi da abinci, da sallar azahar, da ɗan tattaki. Wadda kika sa ta tono mutuwar ɗanta bayan isha'i, kika ce mata sai da safe, kin zalunce ta.

Kada ki ce "ku rubuta a kan mutuwa". Ba wadda za ta iya. Ki ce ta rubuta abin da ta samu a aljihun rigar marigayin, ko miyar da marigayiyar ta fi so, ko maganar da suka yi ta ƙarshe a waya. Ƙaramin abu ne ke buɗe babba, in ta ga dama. In ta tsaya a kan miyar, shi ke nan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a tilasta wa kowa karantawa a fili. Wadda ta karanta, ba a gyara mata rubutu, ba a ce "ai da kin ce kaza". Na san hannunki yana ƙaiƙayin gyara, ki riƙe shi. 'Yan Agege da aka haifa a nan za su gauraya Hausa da Yarabanci da Turancin buroka, tsofaffi wasu da ajami za su yi, duk daidai ne. Wayoyi kuma suna cikin jaka, don hoto ɗaya da ya fita WhatsApp ya kashe miki zaman.

Rabin aikin tun kafin a taru ake gama shi, wajen zaɓen wadda za ta zo. Ki yi hira da kowace ɗaya kafin ki karɓi sisinta. Mai takaba ba ta cikin lissafi, wata huɗu da kwana goma tana gidanta, ba ta kwana a waje. Ko da ta fita takaba jiya, ni nakan ce ta ɗan jira. Wadda kuma ta yi makonni ba barci ba cin abinci, ko take maganar gara ta bi mamacin, ko take jin muryoyi, ba biro take buƙata ba yanzu. Ki yi magana da danginta a kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ko asibitin koyarwa na LUTH da ke nan Idi Araba. Mai shan maganin likita ta ci gaba da shan abinta. Ke ba likita ba ce, kuma kada kalmar warkarwa ta hau takardar tallarki.

Sai maganar ƙasar waje. Nisa yana da amfaninsa, ban musa ba. Matar da ke ɗaki ɗaya da yara biyar a Mile 12, ga janareton maƙwabci, ga 'yan gaisuwa, ba ta da inda za ta ji kanta. Amma nisan da take buƙata Badagry ma ya ba ta, ko Epe. Ki duba abin da jirgi ke jawowa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haye 1,500 a 2024. Wanda ya karɓi kuɗin mutane da naira alhali masaukin da dala za a biya, ya san abin da ya gani. Kuɗin biza in an hana ki ba a mayarwa, kuma a cikin goma ba ki da tabbacin duk za su samu. Ga batun izinin miji da muharrami, wanda dole ki warware da kowane gida. Mafi girma, in wata ta rikice da tsakar dare a garin da ba ki jin harshensu, wa za ki kira?

In dai sai kin tsallaka iyaka hankalinki zai kwanta, to Kwatano ta ƙasar Benin. Ta Seme za ku bi a mota, ba biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, fasfo ne da katin rigakafin shawara, ki canza sefa tun daga nan. Akwai Hausawa a unguwar Zongo, akwai masallaci, akwai abincin da cikinsu ya sani, kuma wadda ta ce gida take so, ranar za ki iya dawo da ita. Kada dai ki biye wa masu yawon buɗe ido ki kai su Wida tun a kwanakin farko, wurin ƙofar da aka fitar da bayi. Nauyin da suka zo da shi ya ishe su.

Ki je masaukin da kanki ki kwana kafin ki ba da kafin alƙalami. Ki duba ƙofa tana kulluwa, ki ji ko akwai mashaya a kusa, ki san asibitin da ya fi kusa. Ki rubuta wa kowa sharaɗin mayar da kuɗi tun farko. Bayan an dawo, ki kira kowace a cikin mako, don komawa ɗakin da babu shi yakan fi tafiyar wuya.

Asabar mai zuwa ke za ki ja zaman Agege, daga ƙarfe goma zuwa azahar, ni ina baya ba zan ce uffan ba. Ki taho da littattafan rubutu takwas, ki fito da wuri saboda gosulo.