Gilashin gem na sa ni jiri, ya zan yi?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah a taimaka min. Yayana ya kawo mana Quest 2 daga Abuja, wato gilashin gem da ake ɗaurawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin gem ɗin, ni kuma da na saka na fara yawo a cikin gem ko minti goma ba na kaiwa sai zuciyata ta fara tashi, zufa ta karyo min, kai ya yi ta juya min har dare. Ƙanina kuwa ko a jikinsa. Ko idona ne ya samu matsala? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina, kwantar da hankalinka, mutane da yawa haka suke farawa. Can cikin kunne akwai wani sashe mai ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi, to in ka tura sandar kwantirola ido na cewa gudu ake, kunne kuma na cewa ai a tsaye muke a falo, wannan saɓanin ne ke tada zuciya. Kamar mai danna waya a mota ana gangara Hawan Kibo ne, sai dai shi kunnensa ne ke jin motsin da idonsa bai gani ba.

Abin da ya fi ba ka wahala shi ne tafiyar sulɓi da sanda, wato ka tura sandar kwantirola ka riƙa zamewa gaba a cikin gem. Shiga saitin gem ɗin ka zaɓi telepot, wato ka nuna wuri ka danna kawai ka tsinci kanka a can. Juyi ma kar ka bar shi yana zagayawa a hankali, wlh wannan ma na kawo amai sosai, ka sa na guntu-guntu mai digiri 30 ko 45, ko ma ka juya da jikinka gaba ɗaya tunda babu waya a jikin gilashin. Wasu gem suna da saitin da ke rufe gefen ido da duhu lokacin tafiya, kunna shi duk da ba ya da kyan gani.

Ka duba tazarar ruwan tabarau ɗin, Quest 2 mataki uku gare shi, milimita 58, 63 da 68, ƙila a na yayanka yake, sai ka mayar da shi wanda ya dace da tazarar idanunka. Ka fara da irin su Beat Saber da ake yi a tsaye wuri ɗaya, gem ɗin tseren mota da jirgi su ɗan jira tukuna.

Abin da nake roƙonka kuma kar ka daure. Da ka ji zufa ko miyau ya fara taruwa a baki cire shi nan take, ko da ana tsakiyar wasa, don daurewa ƙara abin take yi. Minti biyar zuwa goma ya isa a farko, ka kunna fanka tana hura maka a fuska, shayin citta ma na taimaka wa wasu. In jirin na zuwa ko ba ka saka gilashin ba, ka je asibiti a duba kunne da ido.