Allurar gwiwa a lokacin korona: a yi ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata mai shekara 64 tana fama da ciwon gwiwa, har sallah a zaune take yi, ga kuma ciwon suga. Bara an yi mata allurar kotizon a asibiti, ta samu sauƙi. Yanzu likita ya ce a dakata saboda korona, amma mai kemis na unguwarmu ya ce zai yi mata a kuɗi kaɗan, wai ai irin maganin ake ba masu korona. Ya kuke gani? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, riƙe kuɗinka, kada ka kai ta kemis.

Mai kemis ɗin rabin gaskiya ya faɗa maka. A watan Yunin 2020 binciken RECOVERY na Birtaniya ya nuna dexamethasone, ɗan gida ɗaya da kotizon, ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda aka sa wa na'urar numfashi. Amma waɗanda ciwon bai kai su ga buƙatar iskar oksijin ba, bai amfane su ba. Aikinsa kwantar da garkuwar jiki ne idan ta yi wa huhu ɓarna. Ga mai lafiya kuwa, wannan kwantarwar ce abin tsoro. Allurar ba a gwiwa kaɗai take tsayawa ba, wani ɓangare yana shiga jini, kuma irin su triamcinolone, wani nau'in kotizon da ake yi a gaɓa, sukan yi makonni suna aiki. Tun 2018 likitocin Mayo Clinic a Amurka suka lura cewa waɗanda aka yi wa allurar gaɓa sun fi kamuwa da mura mai tsanani. Shi ya sa da annoba ta ɓarke, ƙungiyoyin likitocin ƙashi da gaɓoɓi na Birtaniya suka ce a yi ta kawai idan ciwo ya tsananta, da mafi ƙarancin ƙima, kuma ban da mai zazzaɓi ko tari.

Ni abin da ya fi damuna ma sugan ne. Allurar tana tayar da shi na kwanaki, dole a riƙa aunawa. Wa zai bi wannan a kemis? Kuma allura ɗaya da ba ta da tsafta tana iya shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓa, ciwon da ya fi na farko muni. (Mu da muka ga abin da "sha ka fashe" ya yi wa 'yan mata, bai kamata a yi mana wasa da wannan dangin magani ba.)

Ka koma wurin likitan, ka gaya masa ciwon ya hana ta ruku'u da sujada, wataƙila ya sake shawara. Ka tambaye shi batun man shafawa na diclofenac, da gashin ƙashi, da tazarar da ya kamata a bari tsakanin allurar da rigakafin korona.