An yi mini allurar testosteron don sha'awata ta dawo, yanzu muryata ta fara canzawa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 53, al'adata ta ɗauke shekara uku ke nan. Tun daga lokacin sha'awa ta tafi mini gaba ɗaya, kuma in maigida ya kusance ni zafi nake ji kamar ana yanka ni. Shekararmu 28 da aure, ba mu taɓa shiga irin wannan hali ba. Wata ƙawata ta haɗa ni da wani mai magani, ya sa na yi gwajin jini, ya ce testosteron ɗina ya yi ƙasa sosai. Ya yi mini allura sau biyu, mako uku tsakani. Ba zan ɓoye miki ba, sha'awar ta ɗan motsa, amma zafin yana nan. Yanzu ga gashi yana fito mini a haɓa, ga ƙuraje, kuma 'yata ta ce ba ta gane muryata a waya. Shi ya ce alama ce maganin yana aiki, in dawo a yi ta uku. Hankalina ya tashi. In koma?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki koma. Cikin makon nan ki je wurin likitan mata ko likitan homon (sinadaran da jiki ke samarwa don sarrafa ayyukansa), ki tafi da kwalbar allurar ko sunanta in kin samu, a auna yawan testosteron (homon ɗin da ya fi yawa a jikin maza, mata ma suna da ɗan kaɗan) da ke jininki yanzu, a duba hanta da kitsen jini da kaurin jinin kansa. Ƙuraje da gashin haɓa galibi suna ja da baya bayan an daina, ko da yake gashin yakan ɗauki watanni. Muryar ce ta fi tayar mini da hankali. Testosteron yana ƙara wa igiyoyin murya kauri, kamar yadda yake yi wa yaro namiji idan ya balaga, kuma in kaurin ya zauna ba lallai ya koma ba. Haka girman ɗan tsaka, haka sanƙo. Kina kan allura ta biyu, akwai kyakkyawan fata, amma kowace allura da aka ƙara tana rage wannan fatan. Ki nemi a tura ki wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ya gani.

Sai maganar gwajin jinin, wadda ita ce tarkon da ya kama ki, kuma kusan kullum sai na haɗu da wadda ya kama. Ana nuna wa mace takarda, a ja layi a ƙarƙashin lamba, a ce kin gani, ya yi ƙasa, shi ya sa ba kya sha'awa, bari mu cika miki. Maganar tana shiga kunne domin ta yi kama da ta ƙarancin jini: an auna, an ga ya gaza, an ƙara. Amma sha'awar mace ba ta bin wannan lissafi. A shekarar 2019 manyan ƙungiyoyin likitoci na duniya masu kula da ɗaukewar al'ada da cututtukan homon suka fitar da matsaya guda kan ba mata testosteron, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Susan Davis ta Jami'ar Monash da ke Ostareliya. Sun faɗa ƙarara cewa babu wata lamba a jini da za ta raba mace mai matsalar sha'awa da wadda ba ta da ita. Akwai mai ƙaramar lamba da ke zaune lafiya da mijinta, akwai mai babbar lamba da ko taɓa ta ba ta so a yi. Bugu da ƙari, yawancin na'urorin gwaji na yau da kullum an tsara su ne da ma'aunin maza, idan suka zo ɗan abin da ke jinin mace sai su riƙa kuskure. Kuma testosteron ɗin mace ba ranar da al'ada ta ɗauke yake faɗuwa ba, tun tana da shekara ashirin da wani abu yake sauka a hankali, kafin ta kai arba'in da wani abu ya ragu da kusan rabi. Wadda yake faɗo mata farat ɗaya ita ce wadda aka cire wa ma'ajiyar ƙwai duka biyun a tiyata. Saboda haka duk mace mai shekarunki da aka auna za a iya ce mata "ya yi ƙasa". Mai neman kasuwa ya san haka.

Mu ma muna yin gwajin, amma don mu san inda mace take kafin a fara, mu kuma tabbatar ba ta wuce iyakar mata ba bayan an fara.

Ga abin da ke sosa mini rai. Jikin mace ba ya samar da ko rabin miligiram na testosteron a rana. Allurar da aka saba yi wa maza masu ƙarancinsa duk mako uku, irin su Sustanon, miligiram 250 ce a tsira ɗaya. Tazarar mako ukun da kika ambata ta sa ina zargin irinta aka yi miki. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta shigo ofishina, tun daga ƙofa hannunta yana kan haɓarta, har ta zauna ba ta sauke shi ba. Ta buɗe jaka ta ciro 'yar fasasshiyar kwalba a naɗe cikin takarda, ta ajiye a kan tebur. Na juya ta, ga 250 a rubuce ɓaro-ɓaro. An yi mata guda shida. Da ta buɗe baki ta gaishe ni, ma'aikaciyar jinyar da ke bayan labule sai da ta leƙo, ta zaci namiji ne ya shigo. Matar nan kuka ta yi ta yi, ta ce ita dai aurenta take son gyarawa. Wanda ya tsira mata allurar kuwa ya ce mata, kamar yadda aka ce miki, wai alamar aiki ce. Wallahi ƙarya ne. Gemu a fuskar mace alamar an zarce ƙima ce, babu wata fassarar.

Kuma ba masu allura a ɗakin baya kaɗai ba. Akwai masu farar riga da kyakkyawan ofis da shafi a intanet, suna dasa wa mata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin fatar ɗuwawu wadda ke sakin homon na tsawon watanni, suna kiranta "irin na halitta". Ita ma takan kai jini matakin da ya wuce na mata, kuma in illa ta bayyana ciro ta aiki ne, sau da yawa sai dai a jira ta narke. Matsayar 2019 ta hana allura, ta hana dashen ƙwaya, ta kuma yi gargaɗi kan haɗe-haɗen da ake kwaɓawa ba tare da hukuma ta tantance ƙarfinsu ba. Ƙwayar haɗiya ma ba a yarda da ita ba, domin tana bi ta hanta ta rage kitsen jini mai amfani ta ƙara mai cutarwa. Alƙawuran da ake jerowa na ƙarfin ƙashi da kaifin ƙwaƙwalwa da gyaran yanayin zuciya, binciken da ke hannu bai tabbatar da su ba.

Hukumomi ma suna da nasu kason laifin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da nau'o'in testosteron masu yawa na maza, na mata ko ɗaya babu. An taɓa yin wani na mata na mannawa a fata mai suna Intrinsa, kwamitin Amurka ya ƙi shi a 2004 saboda ƙarancin bayanan dogon lokaci, Turai ta karɓa a 2006, kamfanin ya janye shi a 2012 don ba ya kawo riba. Sai a 2020 Ostareliya ta yi wa man shafawa na mata, AndroFeme, rajista. A yawancin ƙasashe likita sai ya ɗauki man maza ya koya wa mace ta riƙa shafa kusan kashi ɗaya cikin goma. Inda aka bar giɓi irin wannan, 'yan damfara ne ke cike shi.

To, shin testosteron yana da amfani? Yana da shi, in an bi ƙa'ida. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta ɓangaren ciwon suga da homon ta buga a 2019 ya tattara gwaje-gwaje 36 da suka ƙunshi mata sama da 8,000. Matan da al'adarsu ta ɗauke sun samu ƙarin sha'awa da jin daɗi da raguwar damuwa, a matsakaici kusan ƙarin saduwa ɗaya mai gamsarwa a wata. Ga wadda ta shekara ba ta ji komai ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana shafa miligiram 5 a rana a cinya ko ƙasan ciki, a wanke hannu, a kiyaye kada ya gogu a jikin yara. A sake gwaji bayan mako uku zuwa shida, sannan duk wata shida. In wata shida ya cika babu canji, a daina, ba a ƙara yawa. Bayanan lafiyarsa da muke da su ba su wuce na shekara biyu ba, kuma gwaje-gwajen ba su haɗa da masu sankarar mama ko masu babbar barazanar ciwon zuciya ba.

Amma 'yar'uwa, ki sake karanta tambayarki. Kin ce zafi kamar ana yanka ki, kuma allura biyu ba su taɓa shi ba. Ni a nan nake ganin bakin zaren. Idan estirojin, wato homon ɗin mata, ya ragu bayan ɗaukewar al'ada, fatar gaba takan yi siriri, ni'ima ta ƙafe, wurin ya riƙa tsagewa. Jikin da ya san zafi ne ke jiransa ba zai yi marmari ba, ko nawa aka ɗura masa. Maganin wannan shi ne estirojin ɗan kaɗan da ake sakawa a gaba, na shafawa ko na cusawa, kullum na mako biyu sannan sau biyu a mako, tare da man sauƙaƙa saduwa. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Mata da yawa daga nan matsalarsu take warwarewa.

In kina fama da zufar dare da zafin da ke taso wa jiki, sai a duba yiwuwar cikakken maganin homon. Na fata ya fi na haɗiya a wannan fanni, domin na haɗiya yana ƙara wani furotin da ke ɗaure testosteron ɗin jikinki. Wadda ba a cire wa mahaifa ba dole a haɗa mata da wani homon mai suna furojestiron don kare ta daga sankarar mahaifa. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani a Ingila tun 2015 wannan jeri ta shimfiɗa: maganin homon tukuna, in bai wadatar ba a duba testosteron. A kuma bincika magungunan da kike sha, musamman na ciwon damuwa, a duba suga, da rashin barci, da abin da ke tsakaninki da maigida. In zai yarda, ku je asibitin tare, ya ji daga bakin likita cewa zafin na gaske ne, ba ƙinsa kike yi ba.

Ko da likitanki zai ga dacewar man testosteron daga baya, sai jininki ya sauko ya koma ma'aunin mata tukuna, an kuma ga inda muryar ta tsaya. In kuma kin ga jini ta gaba, ko ɗigo ne, bayan shekara ukun nan, ki faɗa masa a zaman farko. Ki kira ƙawar taki yau ki tambaye ta allura nawa aka yi mata. Allah ya ba ki lafiya.